Cisco, Arista ko HPE: wane hannun jari za ka saya, kuma hasashen wa za ka ɗauka?

Tun da manhajoji irin su Bamboo da Trove suka ba mutum damar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka daga wayarsa yana zaune a Kano ko Kaduna, wata tambaya ta riƙa dawowa a bakin masu 'yar ajiyar dala. Sun ji ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye duniya, sun leƙa Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutocin da ke wannan aiki, sun ga farashinta ya yi sama, sai suka ce to bari mu nemi masu ƙera na'urorin da ke haɗa waɗannan kwamfutoci da juna, wato rauta da suwici da wayoyinsu. Da zarar mutum ya shiga wannan layi, sunaye uku zai tarar a gabansa: Cisco, Arista, da HPE wadda ta haɗiye Juniper. Kowane ɗaya kuma yana da masu hasashen da ke rantsuwa cewa shi ne zai yi nasara.

Wannan rubutu na mai irin wannan ruɗani ne. Ba zan gaya maka farashin da wani hannun jari zai kai baɗi ba, domin waɗanda suka fi ni sani sun gwada hakan a wannan fanni ɗin, kuma za mu ga yadda suka ƙare.

Ma'aunan da za mu yi aiki da su

Na farko farashi. Ba kuɗin hannun jari guda nake nufi ba, domin na dala 20 yana iya fin na dala 200 tsada. Abin dubawa shi ne ninki nawa na ribar shekara kake biya. Idan shago yana kawo ribar naira miliyan ɗaya a shekara aka ce ka saye shi a miliyan goma sha biyar, ka biya ninki 15 ke nan. Idan aka ce miliyan hamsin, to sai ka tabbata ribar za ta yi ta hauhawa shekara da shekaru kafin cinikin ya yi ma'ana.

Na biyu ƙarko: kamfanin zai kai shekara goma ko ashirin yana nan da ƙarfinsa? Na uku sauƙi: za ka iya fahimtar inda kuɗinsa ke fitowa, ka riƙe shi ba tare da kana duba waya kowace safiya ba? Na huɗu haɗari: mene ne abu guda da zai iya faruwa ya raba ka da rabin kuɗinka? Sai na biyar, wanda shi ne ya fi cin wuri a nan, tarihin hasashe. Me aka taɓa faɗa a kan kamfanin, me kuma ya faru?

Abin da ya faru da masu hasashe a wannan fanni

A ƙarshen Maris na 2000 Cisco ta zarce Microsoft ta zama kamfani mafi daraja a duniya, kimarta ta haura dala biliyan 500, hannun jari guda yana kusan dala 80. Shugabanta na lokacin, John Chambers, yana gaya wa masu jari cewa cinikin kamfanin zai riƙa ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a kowace shekara. Manazarta a manyan bankuna suna cewa ita ce za ta fara kai darajar dala tiriliyan ɗaya. Hujjar da kowa ke jingina da ita kuwa wata magana ce da ta bazu daga ɓangaren kamfanin WorldCom, wai zirga-zirgar bayanai a intanet tana ninkawa duk kwana 100. Masanin lissafi Andrew Odlyzko ya bi alƙaluman ya nuna cewa ninkawar kusan sau ɗaya ce a shekara. Ninkawa duk shekara ba ƙaramin abu ba ne, amma tsakaninta da ninkawa duk kwana 100 akwai tafiya mai nisa, kuma a kan na biyun aka gina farashin.

Shekara guda bayan nan, a Afrilun 2001, Cisco ta sanar da cewa kayan da ta tara a sito na sama da dala biliyan 2 sun zama asara, ta kuma sallami ma'aikata 8,500. Zuwa Oktoban 2002 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 9. Wanda ya zuba dala 1,000 a ƙololuwa, abin da ya rage masa bai fi dala ɗari da 'yan kai ba. Sai a Disambar 2025 farashin ya sake taɓa inda yake a 2000, bayan fiye da shekara 25. Kamfanin da ya fara kai tiriliyan ɗaya a Amurka kuwa Apple ne, a 2018.

Ga inda abin yake da ban sha'awa. Cisco ba ta lalace ba. Cinikinta a shekarar kuɗi ta 2000 dala biliyan 18.9 ne, a ta 2025 ya kai biliyan 56.7, ninki uku cur. Intanet ɗin ma ya mamaye duniya kamar yadda aka ce, har ya wuce. Masu hasashen sun gano inda fasaha ta dosa, amma sun sa mutane sun biya ninki sama da 100 na ribar shekara, kuma wannan farashi ne ya cinye ribar shekara ashirin tun kafin ta zo.

Cisco ma ta tsira da ranta. Nortel ta Kanada, mai ƙera kayan sadarwa, wadda a tsakiyar 2000 ita kaɗai ta riƙe sama da kashi ɗaya bisa uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto, ta durƙushe a Janairun 2009, aka sayar da haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙirenta a 2011 kan dala biliyan 4.5, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Lucent, wadda ta fito daga cikin AT&T a 1996 kuma ta taɓa zama hannun jarin da ya fi kowanne yawan masu riƙe da shi a Amurka, ta faɗo ƙasa da dala ɗaya a 2002, ta haɗe da Alcatel ta Faransa a 2006, daga baya Nokia ta saye su duka a 2016. 3Com kuma HP ce ta saye ta a 2010.

Ba kuskure kaɗai ba ne, akwai son zuciya a ciki. A 2003 hukumomin Amurka sun cimma yarjejeniyar kusan dala biliyan 1.4 da manyan bankunan zuba jari goma, bisa zargin cewa manazartansu suna yabon hannun jarin kamfanonin da bankunan ke neman kwangila a wurinsu. Jack Grubman, wanda ya fi kowa suna a nazarin kamfanonin sadarwa kuma ya daɗe yana yabon WorldCom, an ci shi tarar dala miliyan 15 an kuma haramta masa sana'ar har abada.

Amma kar a ce babu wanda ya faɗi daidai. A tsakiyar Maris na 2000, ana tsakiyar biki, Farfesa Jeremy Siegel na makarantar Wharton ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa manyan kamfanonin fasaha da ake saye a ninki sama da 100, har da Cisco, ba za su iya biyan wannan farashi ba. Bai ce intanet ƙarya ne ba. Lissafi kawai ya yi: ga farashi, ga ribar da ake bukata kafin farashin ya dace, ga tarihin manyan kamfanoni da ke nuna ba a saba kaiwa can ba. Irin wannan hasashe, mai lissafin da kai ma za ka iya bi da biro da takarda, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba a kan wanda ke cewa hannun jari kaza zai kai dala kaza nan da wata goma sha biyu.

Masu hasashen faɗuwa ma sun sha kunya. A 2012, lokacin da VMware ta sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Nicira kan dala biliyan 1.26, aka yi ta cewa kwanan Cisco ya ƙare: manhaja za ta karɓi aikin, kowa zai koma sayen suwici mai arha marar suna. Bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati ba su koma ba. Sun ci gaba da sayen abin da injiniyoyinsu suka iya. Sai dai rabin maganar ta tabbata a wani wuri da ba a fi mayar da hankali ba, wato manyan cibiyoyin bayanai na kamfanoni irin su Microsoft da Facebook, kuma wanda ya ci moriyar ba suwici marar suna kaɗai ba ne, har da Arista.

Cisco

Ma'aurata biyu daga Jami'ar Stanford, Leonard Bosack da Sandy Lerner, suka kafa ta a 1984, ta shiga kasuwar hannun jari a 1990. Chuck Robbins ke jagorantarta tun 2015.

Ta fuskar farashi, shekaru da dama bayan faɗuwar ana sayar da ita a ninki goma sha wani abu na ribarta, farashin kamfanin da ba a sa ran zai yi tsalle. Duk lokacin da ka ga ta haura haka sosai, to zancen ƙirƙirarriyar basira ne ya ɗaga ta, sai ka tambayi kanka ko cinikin ya biyo bayan zancen. Tana rabon riba tun 2011, kuma a 2025 tana biyan santi 41 kan kowane hannun jari duk wata uku, dala 1.64 ke nan a shekara. Ka tuna Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 cikin 100 kafin kuɗin ya iso ka. Abin da zai shigo hannunka kusan dala 1.15 ne.

Ƙarkonta ba a na'ura yake ba, a mutane yake. Duk wanda ya taɓa neman aikin sadarwar kwamfuta a banki ko kamfanin waya ya san takardar shaidar CCNA ta Cisco. Injiniyoyi bila adadin a duniya sun koyi sana'arsu ne a kan kayan Cisco, kuma manajan da ya sayi Cisco aka sami matsala ba a cika ɗora masa laifi ba. Cire irin wannan kamfani daga ma'aikata aiki ne na shekaru. Kwastomominta kuma sun bazu, babu wani guda da ficewarsa zai girgiza ta.

Sauƙin fahimta matsakaici ne, domin ta yi rassa da yawa: suwici, rauta, Wi-Fi, tsaron intanet, Webex, ga kuma kamfanin manhaja na Splunk da ta saya kan dala biliyan 28 a 2024, ciniki mafi girma a tarihinta. Haɗarinta ba na faɗuwa dare ɗaya ba ne, na zaizayewa ne a hankali. A suwici masu tsananin gudu na cibiyoyin bayanai ta yi shekaru tana rasa kaso. A ƙasashe masu tasowa Huawei ta matse ta da arha. Kuma girman da take samu, kaso mai yawa ta hanyar sayen wasu kamfanoni ne, da bashin da ke biyo baya.

Arista

An kafa ta a 2004. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Andy Bechtolsheim da David Cheriton, mutanen da suka taɓa sayar wa Cisco wani kamfaninsu, kuma suna cikin na farko-farkon da suka zuba kuɗi a Google. Shugabarta tun 2008, Jayshree Ullal, ta shafe shekara 15 a Cisco kafin ta baro. 'Yan gida ne suka fita suka buɗe shago a ƙofar gida.

Dabararsu ba ta da sarƙaƙiya. Maimakon su ƙera ƙwaƙwalwar suwici da kansu, sai su saya a wurin Broadcom, su zuba ƙarfinsu a kan manhaja guda ɗaya mai suna EOS da ke aiki a duk kayansu. Ta shiga kasuwa a Yunin 2014 kan dala 43. Wata shida bayan nan Cisco ta maka ta a kotu kan satar fasaha, aka yi ta hasashen za a hana ta shigo da kaya Amurka ta mutu. Shari'ar ta ƙare a 2018, Arista ta biya dala miliyan 400 ta ci gaba da tafiyarta. Cinikinta ya tashi daga dala miliyan 584 a 2014 zuwa biliyan 7 a 2024. An raba hannun jarinta gida huɗu a 2021, aka sake rabawa gida huɗu a 2024, don haka waccan dala 43 daidai take da dala 2.69 a lissafin yanzu, alhali farashin ya haura dala 100 a ƙarshen 2024. Kusan ninki arba'in cikin shekara goma.

To a nan ne mai karatu zai ce ai an gama magana. Ba a gama ba. Wannan labari ne na wanda ya saya a 2014, kai kuwa yau za ka saya, kuma a 'yan shekarun nan ana yawan sayar da ita a ninki 40 na riba ko fiye. Bai kai haukan 2000 ba, amma farashi ne da ba ya yafe tuntuɓe. Ba ta rabon riba, saboda haka duk abin da za ka samu sai ranar da ka sayar.

Ta fi sauran sauƙin fahimta, kuma littafinta tsaf yake, ga kuɗi a ajiye, babu wani bashin a zo a gani. Haɗarinta a fili yake: kwastomomi biyu, Microsoft da Meta mai Facebook, sun kawo kusan kashi 35 cikin 100 na cinikinta a 2024, a 2022 ma sun haura kashi 40. Ɗan kasuwar da mutum biyu ke sayen kashi ɗaya bisa uku na kayansa ya san ba shi ke yanke farashi ba. A ƙarshen Oktoban 2019, da ta sanar cewa ɗaya daga cikin manyan kwastomominta ya rage oda, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na darajarta ya tafi a yini guda. Ranar 27 ga Janairun 2025, da labarin manhajar ƙirƙirarriyar basira ta DeepSeek ta China ya sa aka fara shakkar ko ana bukatar kashe maƙudan kuɗin da ake kashewa a kan ƙirƙirarriyar basira, ta sake faɗuwa da sama da kashi 20 a rana ɗaya. Sau biyun duka ta farfaɗo, amma wanda ya tsorata ya sayar a ranar bai ci moriyar farfaɗowar ba.

Akwai kuma Nvidia. Tun da ta sayi Mellanox kan kusan dala biliyan 7 a 2020, ta zama mai sayar da kayan haɗin sadarwa ita ma, tana haɗa su da na'urorinta ta sayar a dunƙule. Wadda ke jawo wa Arista kasuwa ita ce kuma ke neman ƙwace kasuwar. Ga kwastomomin nata su ma suna da injiniyoyin da za su iya sayen ƙwaƙwalwar Broadcom kai tsaye su haɗa nasu suwicin.

HPE da Juniper

Juniper ce kamfanin da aka fara kira mai kashe Cisco. Pradeep Sindhu ya kafa ta a 1996, rautarta M40 ta fito a 1998 ta kuma ci kaso mai kyau a wurin manyan kamfanonin sadarwa. A Oktoban 2000 hannun jarinta ya haura dala 240. A Janairun 2024 HPE ta yi tayin sayenta kan dala 40 kowane hannun jari, jimilla kusan biliyan 14. Kashi ɗaya bisa shida ke nan na farashin ƙololuwa, bayan shekara 23, ga kamfanin da injiniyoyi ba su taɓa daina yaba kayansa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar da ƙara a Janairun 2025 don hana cinikin, aka sasanta a Yuni, aka kammala a farkon Yuli. Yanzu ba a sayen Juniper ita kaɗai, sai ta cikin HPE, wadda dama tana da Aruba mai kayan Wi-Fi tun 2015.

HPE ce mafi arha cikin ukun, ana yawan sayar da ita a kusan ninki goma, kuma tana rabon riba. Arhar tana da dalili. Babban ɓangaren cinikinta manyan kwamfutocin ofis da na cibiyoyin bayanai ne, inda take gogayya da Dell da Supermicro a kan riba siririya. Ta ci bashi mai nauyi don sayen Juniper. Sannan haɗa Aruba da Mist na Juniper, kayayyaki biyu da suka daɗe suna takara a kasuwar Wi-Fi, ba tare da an fusata kwastomomin ɗaya ba, aiki ne da kan ɗauki shekaru. Idan ka sayi HPE don kayan sadarwa, ka sayi buhu guda ne don abin da bai kai rabinsa ba. A ganina ita ce ta fi wuyar bibiya ga wanda ba sana'arsa ba ce.

Zaɓi na huɗu: kada ka zaɓa

Akwai asusun haɗaka da ke sayen hannun jarin manyan kamfanonin Amurka 500 gaba ɗaya, har da waɗannan ukun. Warren Buffett ya ci cacar dala miliyan ɗaya da ya yi daga 2008 zuwa 2017, cewa irin wannan asusu zai doke zaɓin ƙwararrun manajojin kuɗi: asusun ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin 100, nasu kuwa matsakaicinsu bai kai kashi 40 ba. Kuɗin kula da irinsa kaɗan ne, na Vanguard kashi 0.03 a shekara. Ga mai kiyaye shari'a akwai SPUS da HLAL, waɗanda ke tace bankunan ruwa da giya da caca da kamfanoni masu bashi da yawa, kuɗin kulawarsu kusan rabin kashi ɗaya.

Shi ma ba garkuwa ba ne. Ma'aunin kasuwar Nasdaq, inda kamfanonin fasaha suka fi yawa, ya faɗi da kashi 78 daga Maris 2000 zuwa Oktoban 2002, bai koma ba sai 2015. Bambancin shi ne ya koma, Nortel kuwa ba ta koma ba.

| Ma'auni | Cisco | Arista | HPE | Asusun haɗaka |
|---|---|---|---|---|
| Farashi a kan riba | Matsakaici | Mai tsada | Mai arha | Na kasuwa baki ɗaya |
| Rabon riba | Akwai | Babu | Akwai | Akwai, kaɗan |
| Ƙarko | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi, amma ya rataya a kan 'yan kwastomomi | Matsakaici | Mafi ƙarfi |
| Sauƙin fahimta | Matsakaici | Mai sauƙi | Mai wuya | Mafi sauƙi |
| Bashi | Akwai, ya ƙaru bayan Splunk | Kusan babu | Mai nauyi | Ya danganta da asusun |
| Babban haɗari | Zaizayewa a hankali | Faɗuwar kashi 20 a yini | Haɗewar ta ƙi tafiya | Faɗuwar kasuwa duka |
| Kuskuren masu hasashe | Sun zuzuta a 2000, sun binne ta da rai a 2012 | Sun raina ta a 2014 | Sun zuzuta Juniper a 2000 | Bai dogara da su ba |

Abubuwa biyu da teburin bai nuna ba

Na ɗaya, sunayen da ka fi gani da idonka ba su cikin wannan kasuwa. Huawei, wadda kayanta suka cika turakun kamfanonin waya a Afirka, ba ta sayar da hannun jari ga jama'a. MikroTik ta ƙasar Latbiya, wadda masu raba intanet a unguwanni da otal-otal suka fi sani, ita ma ta masu ita ce. Don haka kada ka auna ƙarfin Cisco ko Arista da abin da kake gani a ofisoshin garinku. Kuɗinsu a wani wuri ake yin sa.

Na biyu, naira. Wanda ya riƙe hannun jarin dala daga farkon 2023 zuwa 2024 ya ga kuɗinsa ya ninka kusan sau uku a lissafin naira ko da farashin bai motsa ba, domin dala a hukumance ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 1,500. Wannan riba ba hazaƙar zaɓi ba ce, kuma tana iya juyawa idan naira ta ƙarfafa. Ka riƙa auna kamfani da dala, ka kuma lissafa abin da manhajar ke cira wajen canji da saye da sayarwa, domin mai yawan shiga da fita a nan kuɗinsa ke zurarewa.

Wa ya dace da wanne

Idan abin da kake so shi ne ajiyar dala mai ɗan digo duk wata uku, kuma ba ka da zuciyar ganin kuɗinka ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu kafin la'asar, Cisco ta fi kusa da bukatarka. Sharaɗin shi ne ka duba ninkin ribar a ranar da za ka saya. Idan ya yi nisa da inda ya saba zama, jira ko ka riƙa saye kaɗan-kaɗan.

Idan kana aiki a fannin, kana iya karanta rahoton wata uku na Microsoft da Meta ka gane nawa suka ware don gina cibiyoyin bayanai, kuma kuɗin da za ka zuba ba za ka neme shi ba nan da shekara biyar zuwa goma, Arista ce. Ni dai ba zan sa mata fiye da abin da zan iya ganin ya rabu biyu in yi barcina ba, kuma ba zan zuba shi a rana ɗaya ba.

HPE ta mai haƙuri ce da ke son sayen abin da kasuwa ta raina, wanda zai bi diddigin raguwar bashi da ribar ɓangaren sadarwa rahoto bayan rahoto. Wanda ba zai yi wannan aikin ba ya bar ta.

Mai kiyaye halal ya fara da awon bashi. Ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Bahrain ita ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga marar tsarki kuma kada ya wuce kashi 5, a kuma fitar da shi sadaka. Arista ba ta da matsalar bashi, sai dai kuɗin ruwan da ajiyarta ke haifarwa ya shiga lissafin tsarkakewa. HPE ce ta fi bukatar a duba ta da kyau, kuma tunda darajar kasuwa na hawa da sauka, sakamakon awon yana canzawa, sai a riƙa sabunta shi.

Wanda kuma wannan ne karonsa na farko, ko kuɗin na makarantar yara ne ko na ginin da aka fara, ya ɗauki asusun haɗaka, na gama-gari ko mai tacewar shari'a. Idan har sha'awar fannin ta ƙi barinsa, ya ware kashi ɗaya bisa goma ya raba tsakanin Cisco da Arista, ya rubuta a takarda dalilin sayensa da ninkin ribar da ya biya, ya ajiye takardar ya sake buɗe ta bayan shekara biyu.